Cajin wayata baya kai yamma, wane setin zan taɓa?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce, wayarsa ta haura shekara biyu a hannunsa, da can in ya cika ta da safe sai dare, yanzu kuwa kafin la'asar ta fara neman caja. Ya kashe bulutut, duk manhajar da ya buɗe yana share ta in ya gama, har ya sauke wata manhaja da aka ce masa tana adana batiri, amma shiru kake ji. Yana so ya san wane setin zai taɓa.

Toh ɗan'uwa sannu da haƙuri. Na daɗe ina gyaran waya, kuma wlh wannan koken ya fi kowanne yawa a teburina, ya ma fi na fashewar sikirin. Abin da nake fara gaya wa kowa shine ciwo biyu ne mutane ke haɗawa su kira shi da suna ɗaya. Na farko, batirin lafiyarsa ƙalau amma akwai abin da ke zuƙe shi fiye da kima, kamar bokiti cike da ruwa ana ta ɗiba ba ka sani ba. Na biyu, bokitin ne da kansa ya ƙanƙance, wato batirin ya tsufa, ko ya nuna maka 100% abin da ke ciki bai kai na da ba. Setin yana maganin na farko tun yau ɗin nan. Na biyu kuwa setin baya dawo da abin da ya riga ya tafi, sai dai ya rage gudun lalacewar. Wayar da ta shekara biyu galibi duka biyun ne suka taru mata, shi yasa ban son ka fara da kashe wannan kashe wancan a makance, sai ka wahalar da kanka ka mayar da waya kamar dutse kuma cajin bai ƙaru ba.

Ka fara shiga setin, ka nemi wurin batiri, ka buɗe inda yake jera abubuwan da suka ci caji. Kowace waya tana da wannan shafin, Samsung ce ko Tecno ko Infinix ko Xiaomi ko iPhone, sunan ne kawai yake ɗan bambanta. Abu biyu zaka duba. Awa nawa sikirin ya yi a kunne tun cajin ƙarshe, sannan wace manhaja ce a sama. In kaga sikirin ya yi awa shida ko bakwai kana kallon bidiyo, toh gaskiya wayar bata cuce ka ba, aiki ta yi. Amma in kaga awa biyu kacal kuma caji ya ƙare, ko kaga wata manhaja da ba ka ma buɗe ta yau ba tana zaune a lamba ɗaya ko biyu, toh ga ɓarawon nan ka kama shi hannu dumu-dumu. Mutane da yawa basu taɓa buɗe wannan shafin ba tun da suka sayi waya, kuma rabin amsar tana nan.

Akwai gwaji ɗaya da nake sa mutane su yi a gida, baya buƙatar komai sai haƙurin dare biyu. Daren farko in zaka kwanta ka cire caja, ka rubuta kashi nawa ne, ka ajiye wayar yadda ka saba da data da komai, kar ka taɓa ta sai safe. Dare na biyu ka maimaita amma ka danna alamar jirgi, wato ka yanke sabis gaba ɗaya. A abin da na saba gani, waya mai lafiya tana sauke kashi biyu zuwa biyar ne a dare guda. In daren farko ta sauke 15 ko 20 amma da alamar jirgi ta sauke 2, batirinka bashi da laifi, sabis ne ko wata manhaja mai hawa intanet take hana wayar barci. In kuwa duka daren biyu ta zube sosai, toh zargi ya koma kan batirin ko injin wayar, ko wata manhaja mai taurin kai da ke aiki ko babu intanet. Kaga da wannan kaɗai ka san ƙofar da zaka bi.

Yanzu mu zo kan sikirin, don shine babban mai ci, babu na biyunsa a mafi yawan wayoyi. Haske shine abin da ya fi komai. Duk wayar da aka miƙo min abin da idona ke fara kaiwa kenan, sai in ga an ja hasken har ƙarshe kuma mutum a cikin ɗaki yake, saboda ya fita rana da safe ya ƙara ya manta bai rage ba. Ka kunna hasken nan mai daidaita kansa, akwai ɗan ido a saman wayar da ke auna hasken wurin da kake. Wasu suna ƙin sa wai yana yin duhu da yawa, toh tun daga Android 9 da ya fito a 2018 yana koyon halinka ne, in ya rage ka ɗan ƙara da hannu, bayan 'yan kwanaki zai gane inda idonka yake so. Sai lokacin da sikirin ke ɗauka kafin ya mutu da kansa. Na sha ganin an sa minti 10, wani ma minti 30. Ka lissafa sau nawa kake ɗaga waya a rana ka duba saƙo ka ajiye ba tare da ka danna makulli ba, kowane ɗaya sikirin na ci yana haska silin. Sakan 30 ya isa, in kana yawan karatu ka sa minti ɗaya.

Maganar baƙin fuska, wato ka mayar da bangon waya baƙi, ita ce inda ake yawan ruɗa mutane. Ya danganta da irin sikirin ɗinka. In AMOLED ne ko OLED, kowane ɗigo shi ke haska kansa, inda yake baƙi ƙirin a kashe yake baya cin komai. In kuwa LCD ne, fitila ce guda a bayan gilashin tana ci gaba ɗaya, ko fari ko baƙi duk ɗaya ne a wurinta, don haka baƙin fuska ba zai ƙara maka ko minti biyar ba, sai dai ya huta maka da ido. Ko a OLED ɗin ma ba kamar yadda ake zuzutawa bane. Masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka sun auna abin a 2021, suka samu in hasken yana tsakanin kashi 30 zuwa 50, inda yawancinmu muke a cikin ɗaki, ragin da ake samu kashi 3 zuwa 9 ne kawai, amma in hasken yana 100% ragin yakan kai 39 zuwa 47. Ma'ana mai aiki cikin rana shi ya fi cin ribarsa. Ka duba sunan wayarka ka ga wane sikirin gare ta, in OLED ce ka kunna, riba ce ko ba yawa.

Sai santsin sikirin. Wayoyin yanzu har masu araha suna zuwa da 90 ko 120 Hz, wato sikirin yana sake zana hoto sau 120 a sakan ɗaya maimakon 60. Daɗi kam akwai, yatsa na tafiya sumul, amma injin zane yana aiki ninki biyu duk lokacin da kake jan shafi. Manyan wayoyi suna da sikirin da ke sauka da kansa har ƙasa sosai in hoto a tsaye yake, su ba matsala ka bar su a kan mai daidaita kansa. Matsakaitan kuwa wasu zama suke a sama kusan koyaushe. Ni in caji ne damuwata 60 nake mayarwa, kwana biyu ido ya saba. Haka agogon nan da ke zama a kan sikirin ko waya a kulle take, da ɗaga waya ta haska, da kuma kowace sanarwa ta kunna sikirin. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi. In kana cikin guruf goma masu surutu, wayarka tana aljihu tana haskawa tana jijjiga sau ɗaruruwa a rana, kowane ɗaya yana tada injin daga barci. Ka yi shiru da guruf ɗin da ba na dole ba, ka hana manhajojin saye-saye da gem da labarai turo sanarwa, ka bar na mutanen da in sun neme ka dole ka ji.

Na biyu a ci shine sabis, kuma shi mutane basu cika zarginsa ba saboda ba a ganinsa. Waya magana take da ƙarfen sabis ba dare ba rana. In yana kusa raɗa take masa, in ya yi nisa ko bango mai kauri ya shiga tsakani sai ta koma ihu, tana ƙara ƙarfin aikawa don ya ji ta, in ya ɓace gaba ɗaya kuma ta yi ta laluben wani. Shi yasa zaka ga waya a sanda ɗaya ta ɗumame a aljihu ba ka yi komai da ita ba, shi yasa kuma doguwar tafiya a mota ke cinye caji, tana ta tsalle daga wannan ƙarfen zuwa wancan. In ka san wurin aikinka ko ɗakin kwananka sabis baya shiga sosai, kuma akwai wayfai, ka hau wayfai ka kashe data, domin wayfai yana magana ne da abin da ke nan kusa da kai, cinsa kaɗan ne. In babu sabis ɗin sam, alamar jirgi ta fi, ba amfanin waya ta yi ta kiran wanda ba zai amsa ba. Layi biyu ma haka ne, in ɗayan baka amfani da shi kuma sabis ɗinsa ya yi rauni a inda kake, ka kashe shi daga setin.

5G kuma ga yadda abin yake. A wurare da yawa an ɗora shi ne a kan 4G, sai wayar ta riƙe duka biyun lokaci guda, in kuma kana bakin iyakar inda yake kaiwa ta yi ta hawa tana sauka. In ba babban fayil kake saukewa ba, WhatsApp da Facebook da YouTube duk 4G ya ishe su. Ka gwada kwana biyu a 4G zalla ka kwatanta. Amma dan Allah kar ka bi masu cewa ka koma 3G ko 2G wai don adana caji, shafi zai daɗe bai buɗe ba, sikirin na kunne kana jira, abin da ka tara a nan ka zubar a can. Hotsifot kuwa in ka gama bai wa wani ka kashe, yana cikin abubuwan da suka fi saurin ƙona caji da ɗumama waya.

Bulutut ɗin da ka ce ka kashe, ka mayar da abinka in kana buƙata. Tun da aka shigo da nau'in mai ƙaramin ci a Bluetooth 4.0 wajen 2010, barinsa a kunne ba tare da yana aiki ba abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Shawarar zamanin da ce ta ƙi mutuwa. Lokeshan ne ya cancanci ka zauna masa, kuma shi ma ba kashe shi gaba ɗaya ba, don in waya ta ɓata da shi zaka neme ta. Ka shiga wurin izini ka ga su waye ka ba damar sanin inda kake a kowane lokaci. Zaka sha mamaki. Tun daga Android 10 akwai zaɓin sai lokacin da ake amfani da manhajar kawai, iPhone ma tana da shi, ka mayar da kusan kowa can. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto me ya haɗa ta da inda kake? A cikin setin ɗin lokeshan na Android kuma akwai wasu maɓallai biyu a ɓoye da ke barin waya ta riƙa laluben wayfai da bulutut ko ka kashe su, in ba ka damu da taswira ta gane ka a cikin gini daidai-wa-daida ba, ka kashe su.

Toh yanzu ga inda zan ɗan tsaya, don abu biyun da ka ce kana yi su ne nake so ka daina. Share manhajoji daga jerin waɗanda ka buɗe baya adana caji. Waɗancan da kake gani a jere yawancinsu a daskare suke cikin ma'ajiyar wucin gadi, ba gudu suke ba, kamar littafi ne da ka kife a kan tebur. In ka share, anjima ka sake buɗe WhatsApp, dole injin ya ɗauko shi tun daga farko ya loda komai, wannan tashin ya fi barinsa a kife cin wuta. A 2016 wani ya tambayi Apple wannan maganar, Craig Federighi da ke shugabantar ɓangaren manhajarsu ya amsa cewa shi baya yi kuma baya taimakon batiri. Android ma tun sigar 6 a 2015 take da tsarin da suka kira Doze, in waya ta kwanta ba motsi sai ya tara buƙatun manhajoji ya hana su fita sai lokaci-lokaci, daga baya kuma aka ƙara wanda ke lura da waɗanda ba ka cika buɗewa ba ya takura musu. Wayar ta fi ka sanin wa ke barci wa ke farke. Sharewa sai in manhaja ta maƙale ko kaga tana ɗumama waya.

Manhajar adana batirin nan kuwa ka cire ta yau. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo min waya tana cewa a canza mata batiri, ta riga ta yanke hukunci. Na ce ta ɗan ba ni minti biyu. Ina buɗe shafin batiri sai ga wata manhaja mai hoton tsintsiya a sama, ta wuce har bidiyon da take kallo. Muna tsaye sikirin ya haska da kansa, talla ta fito a kan makulli, wai wayarki ta yi zafi danna nan a sanyaya. Na taɓa bayan wayar, da ɗumi kuwa, amma ita manhajar ce ke kawo ɗumin, tana kashe sauran manhajoji suna sake tashi tana sake kashe su, tana kuma sauko da talla da datarta. Irinsu uku na samu a ciki, ɗaya ita ta jawo ɗaya. Muka cire, muka kashe wayar muka kunna, na ce ta je ta kwana biyu in bai gyaru ba ta dawo a canza. Da ta dawo cewa ta yi caji na kai mata dare, batirin da ta zo a cire har yanzu shine a ciki. Babu wata manhaja daga waje da ke da ikon da ya wuce na tsarin wayar kansa wajen sarrafa batiri, kuma babu manhajar da ke sanyaya ƙarfe.

Abin da ke aiki shine ka bi ta setin ɗin wayar. Manhajar da ka kama tana ci a bayan fage, wato ba tare da ka buɗe ta ba, ka shiga bayananta, wurin batiri, ka sa mata takunkumi. Samsung suna da jerin masu barci da masu barci mai nauyi, na biyun basa motsi sam sai ka buɗe su da hannunka, can ya dace da manhajar jirgi ko ta otal da kake buɗewa sau biyu a shekara. A iPhone ka rage waɗanda aka ba damar sabunta kansu a bayan fage. Sai dai a kula, kar ka sa wa WhatsApp ko manhajar ƙararrawa ko ta banki ko ta tunatar da shan magani wannan takunkumin, saƙo zai riƙa makara ko ya ƙi zuwa, ka zo kana cewa waya ta lalace. Ka kuma hana bidiyo kunna kansa a Facebook da Instagram, ka sa ajiyar hotuna ta intanet ta riƙa tafiya a wayfai kaɗai. Wadda ka wata uku ba ka buɗe ba, cirewa ta fi takunkumi. In kuma ka yi sabon ofdet kaga caji na gudu, ka ba shi kwana biyu zuwa uku, wayar na sake jera kayanta ne a ciki, yakan lafa.

Yanayin adana caji na wayar kanta, wanda Apple ke kira Low Power Mode tun iOS 9, wato sigar 9 ta tsarin iPhone, abu ne mai kyau kuma baya cutar da batiri ko kaɗan, ana yawan tambayata wannan. Yana rage gudun injin, ya sauke santsin sikirin, ya tsayar da yawancin aikin bayan fage. Kuskuren da ake yi shine jira sai waya ta kai 20% ta roƙe ka. In ka san yau doguwar rana ce ba caja a kusa, ka kunna shi tun kana 90, a nan ne zaka ga amfaninsa, domin tattali tun da sauran abu ake yinsa. A iPhone yana kashe kansa in caji ya haura 80%, a Android kuma kana iya sa masa kashin da zai riƙa kunna kansa.

Duk wannan maganar cajin yau ce. Saura tsufan batirin, kuma a wayar shekara biyu ina kyautata zaton yana da hannu. Batirin lithium-ion, wanda Sony ta fara fitarwa kasuwa a 1991 kuma har yau shine a cikin wayoyinmu, yana da adadin zagayen da yake iya yi. Zagaye ɗaya ba sau ɗaya da ka jona caja bane, jimlar kashi 100 ne da ka ci, in ka ci 60 yau ka cika, gobe ka ci 40, zagaye ɗaya kenan. Apple sun ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000. Tarayyar Turai ma daga watan Yunin 2025 ta wajabta wa sabbin wayoyin da ake sayarwa a can su kai zagaye 800 da kashi 80. Toh kai da kake cinye caji guda kullum, shekara biyu ka haura 700. In batirinka 5000 mAh ne, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, ya sauka zuwa kashi 80, abin da kake yawo da shi 4000 ne, ko da sikirin na rubuta maka 100%.

Abu biyu ke saurin tsufar da shi, zafi da kuma daɗewa a cike maƙil, in suka haɗu kuwa abin ya fi muni. Apple da kansu sun rubuta cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batiri har abada, ba ya dawowa in ya huce. Wani direba ya taɓa kawo min waya, wata takwas kacal da saye, sikirin ya ɗago daga gefe har kana hango hasken ciki ta tsagar. Da na buɗe, batirin ya kumbura kamar matashin kai, in ka ɗora shi a tebur juyawa yake. Na tambaye shi yadda yake amfani da ita, ya ce tana maƙale a gilashin gaba tun safe, taswira a kunne, haske a ƙarshe saboda rana, caja a jone duk yini, ga rigar roba mai kauri. Kaga rana na dukanta ta waje, injin na dafa ta ta ciki, batirin kuma a 100% yake ba ya sauka. Ba wanda ya gaya masa, shi a ganinsa kula da ita yake tunda baya barin caji ya ƙare. Da ya mayar da maƙalin gaban iskar mota ya cire rigar ya daina barinta a jone duk yini, da ba haka ba. Har yau in na tuna abin yana damuna, don waya ce da ya sha wahala kafin ya saya.

Shi yasa setin ɗin da na fi so a duk wayar shine na iyakance caji. A iPhone tun iOS 13 akwai wanda ke tsayawa a 80% cikin dare ya ƙarasa dab da lokacin da ka saba tashi, daga iPhone 15 kuma kana iya cewa kar ta wuce 80 sam. Samsung suna da kariyar batiri, da can a 85 take tsayawa, sababbin kuma 80, wayoyin Pixel na Google ma sun samu irinsa, sauran kamfanoni da yawa haka, ka duba ƙarƙashin batiri. Gaskiyar magana akwai ciniki a ciki, ka bar kashi 20 na yau don batirin ya yi maka tsawon rai. In cajinka na ragowa da dare ko kana wuni kusa da soket, ka kunna iyakar 80. Amma kai ɗan'uwa da cajin baya kai maka la'asar, ban ce ka ƙara yanke shi ba, ka zaɓi mai koyon lokacin tashinka, ka cika abinka ka fita. Iyakar 80 ta fi amfani ga sabuwar waya ko sabon batiri.

Kar kuma ka riƙa barinta tana mutuwa. Maganar a bar waya ta ƙare tas kafin a yi caji, ko a yi wa sabuwa cajin awa takwas, ta tsoffin batiran nikel ce, lithium ya fi son ɗan ƙari akai-akai, in ta kai wajen 20 ka jona. Kar ka yi gem mai nauyi tana caji, kar ka tura ta ƙarƙashin filo, in kaji ta ɗau zafi a caja ka cire mata riga. Caji mai sauri ba dodo bane in da cajar kirki ne, wayar da cajar suna yarjejeniya kan abin da za a turo kuma gudun na raguwa in ta kusa cika, amma yana kawo ɗumi, don haka in wayarka na da maɓallin kashe shi, da dare ba gaggawa kake ba. Cajar bogi kuwa ita nake tsoro fiye da komai, ba batiri kaɗai take kashewa ba har injin. Wayar da zaka ajiye wata da watanni kuma ka bar ta a wajen rabi ka kashe, ba a cike ba, ba a fanko ba.

A iPhone akwai shafin lafiyar batiri tun iOS 11.3 a 2018, in ya nuna ƙasa da 80% lokacin canji ya yi. A Android wasu na nunawa wasu basa nunawa, Samsung ana dubawa ta manhajarsu ta Samsung Members. In taka bata nunawa, alamomin su ne waya ta mutu tana 25 ko 30%, ko ta faɗo daga 40 zuwa 15 cikin minti kaɗan musamman in ka buɗe kyamara, ko ta cika da sauri fiye da da ta kuma zube da sauri. In kana ganin waɗannan babu setin da zai yi magani, batiri zaka canza, kuma canjin batiri mai kyau a hannun wanda ya iya yana mayar da wayar shekara biyu kamar sabuwa, ba sai ka sayi wata ba. In kuwa kaga bayanta ya taso ko sikirin ya fara ɗagowa, dan Allah ka daina caji nan take, kar ka danna, kar ka huda, kar ka kwana da ita kusa da kai, ka kai a cire.

Don haka a taka wayar, yau ka cire manhajar nan ta adana batiri da duk 'yan uwanta, ka kashe ka kunna, ka gyara haske da lokacin mutuwar sikirin, ka koma 4G. Daren yau da na gobe ka yi gwajin nan biyu. Sai ka turo min sunan wayar, da kashin da ta sauke kowane dare, da manhajoji ukun da ke saman shafin batiri da awannin sikirin, daga nan zan iya gaya maka ko setin ya ishe ka ko batirin ne za a canza.